Mun Zubar a Juji, Mun Sayo a Kwalba

Duk wanda ya ratsa kasuwar Yagwa da bazara, daga Maris zuwa Mayu, ba sai an kwatanta masa warin nan ba. Mangwaro ya nuna gaba ɗaya, an sha an ƙoshi, ɓawo da ƙwallo sun taru tsibi-tsibi a bayan rumfuna, ƙudaje na biki. Mata masu zoɓo, wanda a nan aka fi sani da folere, su tace su watsar da tuƙar. Masu kunun tsamiya su zubar da 'ya'yan. Ruwan farko na sauka ya kwashi tarkacen ya cusa a magudanai, mu kuma mu zauna muna zagin hukuma.

Abin da ya tayar mana da wannan magana ya faru ne a zauren dattijon da muke yi wa hidimar rubutu. Wani ɗanmu ya dawo daga tafiya da tsarabar wata 'yar kwalba ta ƙwayoyin ƙarin lafiya, aikin Turai, kuɗinta ya isa cefanen gida na kwanaki. Aka miƙo mana mu karanta Faransancin da ke jikinta. Garin 'ya'yan kuka ne da ƙaro. Dattijo ya juya ya dubi kukar da ke bayan gari, bai ce uffan ba, mu ma kunya ta hana mu ƙarawa.

Bari mu fayyace abin da masana ke yi, don kada a ɗauka tsafi ne. A ƙiyasinsu, ɓawo da ƙwallo sun kai sulusin nauyin mangwaro, wani iri ma ya zarce haka. A ɓawon akwai sinadarin fektin, mai kaurara ruwa, wanda masana'antun abinci ke saye, ko da yake yawancin na kasuwar duniya daga ɓawon lemo da tuƙar tuffa ake samunsa. A cikin ƙwallon kuma akwai ƙwaya mai ɗauke da mai, wajen kashi 10 cikin 100 na busasshen nauyinta, mai daskarewa kamar man kaɗe. Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 kan cakulan ta yarda a haɗa man itatuwa shida da man koko, muddin bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Man kaɗanya na cikin shidan, man ƙwallon mangwaro ma haka. A 2008 kuma suka halatta sayar da garin 'ya'yan kuka a kasuwanninsu.

Tatsowa rabin aiki ce. Jan launin zoɓo da ire-irensa ba sa jure haske da zafi da iska, kwana kaɗan sun koɗe, amfaninsu ya tafi. Sai aka yi dabarar yi musu riga: a dama abin da aka tatso da ƙaro ko wani nau'in sitaci, a fesa shi cikin iska mai zafi a wata na'ura, kowane ɗigo ya bushe kafin ya faɗi, ya zama gari, sinadarin na ciki ƙaron na lulluɓe da shi. Ƙaron nan fa, wanda Turawa suka laƙaba wa lamba E414, shi ne dai wanda muka daka muka zuba a tawada muna almajirai don rubutu ya kama allo. Sudan da Cadi na kan gaba wajen fitar da shi, kuma a dazuzzukan Arewa Mai Nisa ta Kamaru ma ana tsintarsa. Wato abin da ake tatsa namu ne, rigar da ake sa masa ma tamu ce. Na'urar da lissafin ne kawai na wasu, kuma can ribar take.

Abin takaicin shi ne, wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Majema sun daɗe suna jiƙa bagaruwa su fitar da abin da ke jeme fata, har fatun Kano suka ƙetare Sahara aka riƙa kiransu fatun Maroko. Iyayenmu mata ba su zubar da kalwa ba bayan an sha garin ɗorawa, sun mayar da ita daddawa. 'Ya'yan yakuwa sun zama daddawar batso, wadda maƙwabtanmu a wannan yanki ke kira mbuja. Ƙwallon aduwa ana fasa shi a matse mai. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san cewa abin da ya rage bayan an sha yana iya fin abin da aka sha daraja. Jikokinta masu takardun shaida ne suka koyi kiransa shara.

Ga 'yan bokonmu muke fara ɗora laifi. A Jami'ar Ngaundare akwai makarantar ENSAI ta kimiyyar sarrafa amfanin gona, a Marwa akwai jami'a tun 2008, a Kismatari kusa da Garwa cibiyar IRAD na da gonar gwajin mangwaro da lemo. Ilmin yana nan, ɗalibai na rubuta kundaye a kan itatuwan nan namu. Amma kundin da aka rubuta da Faransanci aka ajiye a kanta, me ya tsinana wa mai tallar zoɓo a tashar Yagwa? Wa ya taɓa zuwa ya zauna da ita ya gaya mata da Hausa ko Fulatanci ko Masa cewa tuƙar da take zubarwa tana da sauran launi da za a iya sayarwa?

Attajiranmu ma ba su tsira ba. Mutum zai zuba miliyoyin sefa a babura da kayan gwanjo, amma ka ce ya sayi injin matsar mai ya ɗauki mata goma aiki, sai ya ce ba a saba ba. To, angurya ma da can ba a ɗauke ta bakin komai ba, ga shi yau Sodecoton na matse ta a Garwa da Marwa, muna sayen man Diamaor muna miya, dabbobi na cin tunkuzar.

Za a ce mana na'urar fesawa tana da tsada, wutar lantarki kuma sai ta ga dama. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a fara daga can ba. Da rarrafe yaro kan tashi. Tarawa, wankewa, shanyawa a kan raga nesa da ƙasa, fasa ƙwallo, matse mai, duk wannan bai fi ƙarfin ƙungiyar mata ɗaya ba, ga rana Allah ya hore mana har ta yi yawa. Sai dai a yi hattara: ƙwayar da ba ta bushe sosai ba takan yi funfuna, kuma dafin funfuna na lalata hanta. Ɗacin ƙwayar mangwaro ma sai an jiƙa ko an dafa yake raguwa kafin a ba kaji. Za a kuma ce ai awaki na cinye ɓawon. Su ci, halalinsu ne. Wace akuya ce ke fasa ƙwallo?

Akwai wasu da ba ma so su raɓe da wannan magana tamu, wato masu lasifika a bayan mota, da ke ɗura gari a kwanso su ce yana maganin ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa a lokaci guda. Garin kuka abinci ne mai bitamin C, ba ya maye gurbin allurar mai ciwon suga. Wanda ya sa mara lafiya ya ajiye maganin asibiti saboda ƙwayar da ba a auna ba, ba a gwada ba, alhakin rai na wuyansa.

Yanzu ga gada ta haɗa Yagwa da Bongor a kan kogin Logon, manyan motoci na ƙetarawa. Masu saye za su zo, ko mun shirya ko ba mu shirya ba, kuma mun ga yadda aka yi da ƙaro: a saya a hannun mai tsinta da arha, a tace a Faransa, a sayar da tsada. Idan har aka fara auna ƙwallon mangwaro da ƙwallon aduwa a buhu kafin matanmu su mallaki injin matsa ko ɗaya, to sun zama 'yan tsintuwa a gonar ubansu. Shi ya sa muke roƙon masu unguwanni da shugabannin kasuwa su ware fili a bayan rumfunan 'ya'yan itace, a kafa ragar shanya, a ba ƙungiyoyin mata izinin kwasar ƙwallon kyauta, tun kafin mangwaron baɗi ya fara fure.