Fiyano Na Nufin "A Hankali", Kuma Haka Ake Jin Sa A Gobir Yanzu

Jama'a, kullum muna cewa "waƙar fiyano", amma mutum nawa ne cikinmu ya san inda kalmar ta fito? Daga Italiya take. Wajen shekarar 1700, wani mai ƙera kayan kiɗa, Bartolomeo Cristofori, ya haɗa wani abin kiɗa a birnin Florence, wanda in ka taɓa shi a hankali sai ya yi ƙasa-ƙasa, in ka danna da ƙarfi ya ɗaga murya. Aka kira shi piano e forte, wato "a hankali da kuma ƙarfi". Daga baya aka yanke wutsiyar, ya koma piano. Da ya iso bakin Bahaushe sai ya bi sahun fenti da fasinja, ya zama fiyano.

Namu ma ba wancan na katakon ba ne. Yamaha ce mai lantarki da ta shiga situdiyoyin Kano a shekarun 1990, mutum ɗaya na yin aikin makaɗa goma.

To, ana yawan cewa fiyano ne ya kashe kiɗan gargajiya. Ni dai ban yarda ba, musamman a gabashin Sakkwato. Isa fa nan ne Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir Amadu waƙa da kotso. Irin wannan kiɗa sai da fada, sai da 'yan amshi, sai da taro. Taron ne yau ya yi wuya. A 2021 an rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layin waya a Isa da Sabon Birni saboda 'yan bindiga. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu. A haka wa zai kafa dandali da dare ya kira makaɗa?

Fiyano kuwa ba ruwansa da fili. Ɗaki ɗaya a Kano ko Maraɗi ya isa a buga shi, a tura a memori, yaro ya sa a waya ya rage murya don kada a jiyo daga waje. Abin haushin ma, Narambaɗan kansa yanzu a wannan memorin yake, jere da waƙoƙin Hamisu Breaker.