Inshorar mota: Wa zai biya kuɗin jinyar direba idan hatsari ya auku?

Tun ranar 1 ga Fabrairun 2025, lokacin da Rundunar 'Yan Sandan Najeriya ta fara tilasta bin dokar inshorar ababen hawa bisa umarnin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, takardar inshora ta shiga sahun abubuwan da ake fara tambayar direba a shingen bincike. Masu motoci da dama sun garzaya sun biya Naira 15,000, wato kuɗin da Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ƙayyade wa motocin gida tun daga Janairun 2023, bayan shekaru ana biyan Naira 5,000. Sai dai kaɗan ne daga cikinsu suka tsaya suka bincika abin da takardar ta ƙunsa.

Wannan inshora ta dole, wadda dokarta ta samo asali tun 1945, an tsara ta ne don kare mutumin da direba ya cutar. Idan mota ta buge mai tafiya a ƙasa ko ta lalata dukiyar wani, kamfanin inshora ne zai biya diyya a madadin mai motar, kuma a ɓangaren dukiya adadin yana iya kaiwa Naira miliyan uku. Amma shi direban, idan ya karye ko ya kwanta asibiti na watanni, babu sisin kwabo da zai samu daga takardarsa. In wani ne ya buge shi, sai ya bi kamfanin wancan, bayan an tantance mai laifi. In kuwa taya ce ta fashe, ko rami ya jefa shi daji, ko wanda ya buge shi ya tsere, to nauyin ya koma kan iyali da dangi.

Wannan giɓi ne ya haifar da inshorar jinya wadda ba ta duba mai laifi. Ƙa'idarta mai sauƙi ce: kamfanin da mutum ya yi rajista da shi ne zai biya kuɗin asibitinsa da na fasinjojinsa nan take, har zuwa wani adadi da aka amince da shi, ko da kuwa shi ne ya yi ganganci. Daga cikin jihohin Amurka, Massachusetts ce ta fara aiki da irin wannan doka a 1971. A Florida wajibi ne kowane mai mota ya mallaki kariyar Dala 10,000. A Texas kuwa zaɓi ne, amma doka ta wajabta wa kamfani ya gabatar wa mai saye kariyar da ba ta gaza Dala 2,500 ba, kuma wanda ba ya so sai ya ƙi a rubuce.

Babban amfanin tsarin shi ne saurin biya. Wanda ya taɓa raka majinyaci sashen gaggawa ya san cewa jini da hoton ƙashi da kayan tiyata duk kuɗi ake nema a hannu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa, amma jinyar da ke biyo baya tana kan majinyaci. Binciken 'yan sanda da shari'a kan ɗauki watanni, karaya kuwa ba ta jiran hukuncin alƙali. Wani amfanin shi ne wasu nau'o'in kariyar suna mayar wa mutum wani kaso na abin da ya rasa a kwanakin da bai fita nema ba, abin da ke da matuƙar muhimmanci ga direban haya da ɗan kasuwa.

Duk da haka, tsarin yana da nasa aibin. Michigan ta shafe shekaru tana tilasta kariyar jinya marar iyaka, har kuɗin inshorarta ya kasance cikin mafi tsada a Amurka. A 2019 jihar ta gyara dokar, ta bai wa direbobi damar zaɓar adadin da suke so daga Yulin 2020. Florida kuma ta daɗe tana fama da masu shirya hatsarin ƙarya da takardun asibiti na bogi. Darasin shi ne kariyar na buƙatar iyaka bayyananniya da sa ido. Haka nan wanda yake da cikakkiyar inshorar lafiya daga wurin aikinsa ba lallai ne ya amfana sosai ba, ko da yake irin waɗannan tsiraru ne a Najeriya.

A nan gida, kamfanoni suna sayar da inshorar hatsari ta mutum, a ware ko a haɗe da cikakkiyar inshorar mota. Abin da ke hana jama'a kusantarta shi ne rashin yarda cewa za a biya, da yawaitar takardun jabu, da kuma shakku ta fuskar addini. Ga masu wannan shakku akwai tsarin takaful, wanda NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suke gudanarwa bisa tushen taimakekeniya.

Tunda hukuma ta sa miliyoyin direbobi sayen inshora, ya kamata NAICOM ta wajabta wa kamfanoni su gabatar wa kowane mai saye ƙaramar kariyar jinya da farashinta a fili, ya karɓa ko ya ƙi da saninsa. Shi kuma mai mota, kafin ya miƙa kuɗi, ya tambayi adadin da za a biya, da wa'adin biya, da ko kariyar ta haɗa da iyalin da yake ɗauka a motar.