Lakkwal Ta Garinmu, Ta Wa Ce?

'Yan uwana manoma da makiyaya na ƙasar Ƙonni, da Malbaza, da Illela. Yau magana mai ɗaci na zo da ita. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba. In kun gama ji, ku yi gardama da ni, ban hana ba. Amma ku bari in kai ƙarshe tukuna.

Kwanan baya na je taron iyayen yara a wata lakkwal ta ƙauye. Ba ni faɗin sunan garin, don ba shi kaɗai ke da wanga hali ba. Darakta ya aika ma mai gari. An yi shela da magariba, an sake yi da safe. Gari ne mai gidaje da yawa, yara sun cika aji uku. Amma waɗanda sunka zo taron, tabarma biyu ta ishe su. Washegari anka yi suna a gidan wani mai albasa, wurin zama ya gagara. Na tambayi wani dattijo abin da ya hana shi zuwa taron lakkwal. Ya ce mani wai lakkwal ta gwamnati ce, shi ba ruwanshi da ita.

To, baba, da girmanka, ban yarda ba. Ɗan wa ke zaune cikin ajin nan? Ɗan minista ne? A'a, jikanka ne. In ya fito bai iya rubuta sunanshi ba, ba a Yamai za a yi asara ba, a gidanka za a yi ta. Wanda ɗanshi ke cikin rijiya ba shi tsayawa tambayar wanda ya gina ta.

Ku zo mu dubi ajin da ɗiyanmu ke zama ciki. A garuruwa da yawa rumfa ce ta kara da zana. Kowa ya san yadda abin ke tafiya. Ana buɗe lakkwal cikin watan Oktoba. Lokacin nan ba a gama girbi ba, kara na gona. Sai an kai hatsi rumbu kana a tuna da rumfar yara. Wata guda ya tafi, wani wuri har biyu. Da ɗari ya shigo, iska na ratsa zana, ƙura na cika ido, yaro na rawar sanyi bisa ƙasa. Da bazara ta yi nisa, hadarin farko shi kwashe rumfar, karatu shi tsaya tun ba a kai ga hutu ba. An yanke shekara ta gaba, an yanke ta ta baya. Mi ya rage ma yaro?

Akwai abin da ya fi wannan muni. Ran 13 ga Afrilu 2021, wuta ta kama ajin zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 sunka rasu. Ran 8 ga Nuwamba na shekarar nan, ta sake kamawa a wata lakkwal ta Maraɗi, yara ƙanana aƙalla 25 sunka rasu. Allah shi jiƙansu. Bayan wannan ne gwamnati ta hana a sa yara ƙanana na ajin renon yara cikin rumfar zana. A lokacin, hukuma da kanta ta ce ajin zana a Nijar ya kai wajen 36,000. Maraɗi ba nisa gare ta da mu ba. Karan da ya ci wuta can, irinshi ne muke kafawa nan. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa ma naka ruwa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne wannan. A Malbaza ake yin siminti tun shekarun 1960. Kullum manyan motoci na ɗaukar shi, su bi ta Tsarnawa, wasu su nufi Ƙonni da Yamai, wasu su hau hanyar Badagishiri zuwa Tawa. Albasar Galmi ta yi suna har bakin teku. Fadamar Ƙonni na ba da amfani rani da damana. Ƙasa mai wannan albarka, a ce ɗiyanta na karatu ƙarƙashin kara? Wannan abin kunya ne gare mu duka, manya da ƙanana.

Na san abin da za ku ce: gina aji aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma ban yafe mata ba. Haƙƙinmu ne mu je ga hukumar komin da ta gunduma mu nema, mu sake nema. Amma gari nawa ne ke nema? Mai ɗanka ɗan shekara 7 zai jira har layi shi zo kanmu? Kafin nan ya yi gemu. Kuma ku lura, hukuma ta fi jin maganar garin da ya zo da takarda, da bango a tsaye, shina neman rufi, bisa garin da ya zo hannu sake.

Yanzu ga labarin da mutane da yawa ba su sani ba. Kwamitin lakkwal da kuke ji ana ce ma KOJES, a nan jiharmu ta Tawa anka fara ba shi ƙarfi. Cikin watan Janairu 2004, ma'aikatar ilimi da hukumar taimako ta ƙasar Japan, wato JICA, sunka fara wani aiki mai suna Makaranta don Kowa a lakkwal-lakkwal na jihar Tawa. Ba da buhunan kuɗi sunka zo ba. Abu uku sunka kawo. Na farko, jama'ar gari su zaɓi shugabannin iyayen yara da ƙuri'ar asiri, ba da ɗaga hannu gaban mai gari ba. Na biyu, gari shi taru shi faɗi matsalolin lakkwal, shi zaɓi waɗanda zai iya magancewa da ƙarfinshi, a rubuta. Na uku, a riƙa bin aikin, a dawo gaban jama'a a faɗi abin da anka yi da abin da anka kashe. Kwamitocin komin guda kuma su haɗa kai cikin ƙungiya ɗaya. Da anka ga amfaninshi, zuwa 2007 anka baza tsarin cikin ƙasa duka. Daga baya sunan ya koma CGDES, amma aikin shi ne dai. Wasu ƙasashen Afirka ma sun ɗauki dabarar.

Kun ji? Abin da baƙi sunka zo koyo wurinmu, mu ne muke ƙin zuwa taronshi. Cikin kwamitin nan akwai iyaye maza, akwai wakiliyar uwaye mata, akwai darakta da malami. Shugaba kuwa daga cikin iyaye shike fitowa. Kujerarku ce. In kun bar ta, wani zai zauna, kuma ba lalle shi zama mai amana ba.

Wani zai ce: ni ban yi boko ba, mi zan faɗa gaban mushe? Ɗan uwa, kada ka raina kanka. Kai ne ke ƙidaya buhun albasa ba ka kuskure. Kai ne ke canjin naira da sefa a ka, ba alƙalami. Ba ka bukatar Faransanci kafin ka san ko malami ya zo ran Litinin. Ba ka bukatar shi kafin ka ga yara biyar sun matsu bisa benci guda, ko rijiyar lakkwal ta ƙafe, ko 'yan mata ba su da makewayi. Kuma kai da ka shiga ajin yaƙi da jahilci, ga gwaji mai sauƙi. Yau da dare ka kira ɗanka na aji huɗu, ka ce shi buɗe littafinshi shi karanta maka layi uku, shi faɗa maka ma'anarsu da Hausa. Ka ba shi lissafin kuɗin tiya bakwai. Nan take za ka san gaskiya.

Gaskiyar kuwa ba ta da daɗi. A 2014 an yi wani bincike mai suna PASEC cikin ƙasashe 10 na Afirka. A Nijar, cikin yara 10 da ke ajin ƙarshe na firamare, 9 ba su kai matakin karatun da ake so ba. Da anka sake shi a 2019 an samu ci gaba, wajen 3 cikin 10 sun kai. Madalla, amma ina sauran 7? Shekara shida yaro na zuwa da komawa, bai yi noma ba, bai yi kiwo ba, bai kuma iya karatu ba. Ya yi biyu babu. In iyaye na dubawa tun aji ɗaya, da ba a kai nan ba.

Wani kuma zai ce: mun taɓa ba da kuɗi, an cinye. Ban ƙaryata ka ba, ya faru a wurare. Amma ƙaƙa anka yi anka cinye? An naɗa ma'aji don ƙanen wane ne. Ba wanda ya tambayi takardar saye. Ba wanda ya zo ranar lissafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganin ɓarawo ba gudun taro ba ne, cika taro ne. Ku zaɓi ma'aji da ƙuri'ar asiri. Mata masu adashi sun san riƙon kuɗi, ku ba su dama. A sayi kaye guda, duk dalar da ta shiga a rubuta, duk wadda ta fita a rubuta. A karanta da ƙarfi gaban kowa. Ku da kunka koyi karatu da girma, ga ranar amfaninshi ta zo.

Mu yi lissafi, misali kawai. A ce gari na da gidaje 80. Kowane gida shi buga tubali 50 bayan girbi, an samu 4,000. Kowane gida shi ba da dala 40 a wata. A wata guda dala 3,200 ke nan, wato jika 16. Cikin wata shida an tara jika 96. Laka tamu ce, ruwa da amalanke namu ne, ƙarfi namu ne. Kuɗin su tafi ga abin da hannunmu ba shi iya yi: kwano, ƙusa, ƙofa, ladar magini. In ba su isa ba, a ɗauki kayen lissafi a je komin a nemi ciko. Waɗanda sunka tafi bida Abijan ko Legas, a aika musu labari, su ma ɗiyansu na ciki. Dala 40 a wata, wasunmu na kashe fiye da haka ga shayi da goro cikin kwana biyu.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tsofaffi na tuna zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da samariya ke fita da kiɗa tana gina aji da hannunta. Gayya kuwa ta girme samariya. Muna yin ta ga noma, muna yin ta ga ginin masallaci. Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka. Don mi jinkar yara kaɗai za mu bar ma mushe?

Sauran magana guda, ita ce ta fi zafi. Ko an gina aji na siminti, in babu yara ciki aikin banza ne. Lokacin dashen albasa da lokacin cire ta, benci na zama wayam. Ran kasuwa 'yan mata na talla. Yara maza na bin 'yan fito bakin iyaka. Na san talauci gaskiya ne, ba daga sama nike magana ba. Amma akwai safiya kafin aji, akwai marece, akwai ranakun hutu. Kuma tun watan Disamba 2017 akwai dokar gwamnati da ke kare karatun ɗiya mace har ta kai shekara 16. Uwa, in kin kai haihuwa likita kina son mace ta karɓe ki. Ɗiyar wa za ta zama ungozoma in kowa ya cire tashi daga aji biyar?

Malamai, ku ma ku ji. Mun san yawancinku 'yan kwantaragi ne, nesa da gida, kuɗin wata na jinkiri. Gari ya kamata shi ba ku masauki na mutunci, shi girmama ku. Amma wanda ya tafi birni ran Alhamis bai dawo ba sai Talata, shi sani kwamiti na da baki, zai yi mishi magana, in bai ji ba a kai ga insifekta. Darakta kuma kada shi mai da taron iyaye wurin karɓar kuɗi kawai. Shi yi bayani da Hausa, shi bar mata su yi magana.

Inda rumfar zana ta zama dole bana, a kiyaye. A kafa ta kafin ranar buɗe lakkwal, da zanar da anka tanada tun rani. A yi mata ƙofa biyu. A raba ta da 'yar uwarta, kada su manne. Masu tuya da masu shayi su yi nesa da ita. A ajiye randar ruwa da yashi kusa. Kada a bar ƙananan yara ciki babu babba.

Jama'a, ran da anka yi shelar taron lakkwal, ku bar abin da kuke yi ku je, maza da mata. Ku tambayi abu uku: wa ya zaɓi kwamitin nan, ina kayen lissafi, kuma wane aiki za mu gama kafin ruwa shi sauka. In garinku ya yi wani aiki, ko bango guda ne, ku rubuto muna da hannunku, a buga, makwabta su ji. Allah shi ba mu damana mai albarka, shi raya muna ɗiyanmu. Amin.