RA'AYINMU: An Hana Kantoma, To Masu Shirya Zaɓen Fa?

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa gwamna ba shi da ikon ɗora kantoma ko kwamitin riƙo a kan ƙaramar hukuma. Da yawa daga cikin 'yan uwa sun yi murna, suna cewa zamanin naɗi ya wuce. Mu dai mun ce a bi a sannu. Bayan mako bakwai, ranar 31 ga Agusta, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Kebbi, jam'iyyar APC mai mulki ta kwashe kujerun ciyaman 21 da na kansila 225 kaf. To, su wa suka shirya zaɓen? Hukumar zaɓe ta jiha, wadda gwamna ke naɗa shugabanta da mambobinta. Ashe naɗin yana nan, baya ya ɗan ja.

Kada mai karatu ya ce wannan maganar 'yan siyasa ce. Ciyaman ɗin da hukumar ta bayyana, shi ne zai riƙe kasuwa da tasha da mahauta da maƙabarta a Birnin Kebbi da Argungu, shi ne za a tambaya in shara ta toshe magudanan ruwa da damina.

Me dokarsu ta ce game da wanda ya cancanta? Sashe na 200 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce sai wanda ya cancanci zama ɗan majalisar jiha, wato ɗan ƙasa mai ilimin sakandare, mai shekara 25 tun gyaran da aka yi a 2018. Wanda aka tsige daga wani muƙami saboda rashin ɗa'a cikin shekara goma da suka wuce ba ya ciki. Sannan a 2010 aka ƙara cewa ɗan hukumar zaɓe ba zai kasance ɗan wata jam'iyya ba. Wa'adinsa shekara biyar ne, kuma gwamna ba zai iya cire shi ba sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na majalisa. Saboda haka wanda ya ce tsoron kora ne ya sa ya karkata, ba shi da uzuri.

Waɗannan sharuɗɗa kuwa ba su da wani nauyi. Takardar sakandare ba ta gwada amana. Abu Zarr (RA), duk da tsoron Allah irin nasa, da ya nemi muƙami Manzon Allah (S) bai ba shi ba, ya nuna masa cewa yana da rauni, alhali abin amana ne da za a tambaya a kai ranar Ƙiyama. Yau kuwa wanda ya fi zarya a gidan mai naɗi shi ake kira wanda ya cancanta.

Inda abin ya fi shafarmu shi ne kyauta. Dokar ɗa'ar ma'aikata ta hana mai muƙami karɓar wani abu saboda aikinsa, ta wajabta masa bayyana dukiyarsa in ya kama aiki da in ya sauka. Shari'a ta riga ta tun tuni: Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, Manzon Allah (S) ya hau mumbari ya tsawatar, yana tambayar ko da a gidan iyayensa ya zauna za a kawo masa. Amma mu faɗi gaskiya, ranar da aka ji sunan ɗan unguwa a rediyo, su wa ke cika ƙofar gidansa? Mu ne samari. Wani da buhun shinkafa, wani da takardar neman aiki a aljihu, ana ta "Allah Ya sanya alheri". Wanda muka ɗora wa wannan nauyi tun ranar farko, da wane baki za mu tuhume shi gobe?

Sunayen nan sai majalisar dokoki a Birnin Kebbi ta amince da su kafin a rantsar. Duk ranar da aka sake aikawa da wasu, kowane ɗan uwa ya nemi ɗan majalisar mazaɓarsa ya tambaye shi: wane ne a cikinsu ya taɓa riƙe katin jam'iyya, kuma yaushe ya ajiye shi?