Fita Neman Ilmi Da Amanar Dawowa Gida



'Yan uwa, kwanakin baya bayan sallar La'asar wani ɗan ƙanena da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ya iske ni a zaure, nan cikin birnin Zazzau, ya ce: "Baba, a sa ni a addu'a, ina neman gurbin ƙaro karatu a waje. In Allah ya sa na fita, ni da ƙasar nan sai dai ziyara." Addu'a kam na yi masa, amma ƙarshen maganar tasa ya tsaya mini a rai, domin na san da bakin dubban matasa ya yi ta.

Tafiya neman ilmi gadonmu ce, babu mai ja da wannan. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi (RA) ya yi tafiyar wata guda zuwa Sham don ya ji hadisi ɗaya tak daga bakin Abdullahi ɗan Unais. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umar har Agadas. Shi kansa birnin nan namu matattarar baƙin ilmi ne tun da daɗewa. Almajirai daga ko'ina a ƙasar Hausa sukan zo unguwannin Kona da Juma don su ƙware a nahawu da lugga. (Maganar nan ta zuwa Sin da ake yawan jinginawa ga Manzon Allah (SAW), malaman hadisi ba su inganta ta ba, kuma ba ma buƙatarta, hujjoji ingantattu sun wadatar.) Sai dai duk wanda ya duba aya ta 122 a Suratut Tauba zai ga cewa an haɗa fitar wasu don neman fahimtar addini da komowarsu ga mutanensu don su amfane su. Almajiran da suka zo Kona ma, da sun sauke littattafansu sai su ɗaure kaya su koma garuruwansu su buɗe zaure.

A kan wannan tsari aka gina ita jami'ar. Lokacin da aka buɗe ta a watan Oktoba na 1962, shugabanta na farko, Norman Alexander, mutumin New Zealand ne, kuma da yawa daga malamanta baƙi ne. A 1966 Dakta Ishaya Audu, wanda ya yi karatun likita a Ibadan da Ingila, ya karɓi ragamar. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi digirinsa na farko a Lancaster, ya dawo Samaru ya koyar da tarihi har Allah ya karɓi ransa a 2005. Akwai ma wanda ya yi tafiyar ta ɗaya ɓangaren: Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila, ya zo ya musulunta ya zauna, shi ne kuma ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Da waɗanda aka tura waje a wancan zamani sun yi zamansu can, da wa zai koyar da iyayen waɗannan yaran?

Ban ce yaron ba shi da hujja ba. Yajin aikin malaman jami'o'i ya cinye kusan wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022. Ɗalibi ya shiga da niyyar shekara huɗu, ya wayi gari yana ta shida. Malamin da ke koyar da shi, bayan faɗuwar darajar Naira a 2023, albashinsa da ƙyar yake kai shi ƙarshen wata. Wanda ya ga malaminsa mai digiri uku yana lissafin kuɗin mai, da wuya ka lallashe shi da zancen kishin ƙasa. Wannan nauyi ne a wuyan hukuma, kuma Allah zai tambaye su.

Amma a nan akwai bambancin da ya kamata mu tsaya a kansa. Wanda ya fita da dukiyar mahaifinsa, ko da tallafin wata jami'a ta can, bai ƙulla alkawari da kowa ba. Idan ya zauna inda zai iya tsare addininsa ya kuma taimaki iyayensa, ba ni da bakin zarginsa, ko da yake na fi so masa dawowa. Wanda kuwa aka tura da kuɗin jama'a, ya sa hannu a takarda cewa zai komo ya koyar, wannan amana ya ɗauka, kuma ƙuncin rayuwa ba ya warware alkawari. Asusun TETFund, wanda ke ɗaukar nauyin ƙaro karatun malaman manyan makarantu, daga harajin da ake karɓa a hannun kamfanoni yake samun kuɗinsa, wato haƙƙin kowa da kowa ne. A 2023 shugaban asusun ya shaida wa Majalisar Wakilai cewa fiye da mutum 130 da aka tura waje sun ƙi dawowa. A ƙarshen 2024 aka sanar da dakatar da tura malamai waje daga Janairun 2025, aka ambaci tsadar canji da kuma wannan gudu a matsayin dalilai. Ka ga ke nan wanda ya tsere ya rufe ƙofa a fuskar ƙanensa da ke bin layi a baya.

Sannan waje ba aljanna ba ce. Mun ga yadda ɗalibanmu suka tsallake iyakokin Yukren cikin sanyi a 2022, muka ga na Khartoum a 2023 suna kwana a kan iyakar Masar suna jiran jirgi. Mai shirin fita ya binciki ingancin makarantar, ya san nisan masallaci da inda zai sami abincin halal, ya yi hattara da dillalan da ke karɓar kuɗi da alkawarin biza.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ɗalibi sai ya gama shekarunsa a Samaru ko Kongo bai taɓa ƙetare Ƙofar Doka da niyyar ɗaukar karatu ba, alhali a cikin ganuwa akwai malaman da ke buɗe littafi bayan Asuba ba tare da sun nemi ko kwabo ba. Yana mafarkin ɗakin karatun wata ƙasa, amma na Kashim Ibrahim da ke gabansa sai lokacin jarrabawa yake tunawa da shi.

Shi dai ɗan nawa, na ce masa ya ci gaba da cike takardunsa, amma kada ya sa hannu a kan abin da ya san ba zai cika ba. Na kuma nemi ya riƙa shigowa gari duk Asabar da safe mu tafi wajen malamina tare, ya fara Ajrumiyya. Ya ce zai duba jadawalin laccocinsa.