Ranar da kotu ke mayar da kaka baƙuwa

A makon jiya wata dattijuwa, ƙawar mahaifiyata, ta tare ni da tambaya bayan mun gaisa. Ɗanta ya rasu a Ingila ya bar yara biyu, matar ta sake aure, kuma sabon mijin ya nemi kotu ta ba shi yaran su zama 'ya'yansa a shari'ance. Ta ce, "To ɗan nan, ni kuma mece ce a wurinsu?" Na daɗe ina kallon tabarma kafin in buɗe baki.

Dokar Ingila ta 2002 kan tabanni ta tanadi cewa da zarar alƙali ya sa hannu, ana ɗaukar yaro tamkar wanda ya karɓe shi ne ya haife shi. Dangantakarsa da dangin ubansa na asali ta yanke a takarda, har da kakar da ba ta yi laifin komai ba. Ko kafin hakan ma, a mafi yawan lokuta kaka sai ta nemi izinin kotu tukuna, sannan ta roƙi a bar ta ta riƙa ganin jikanta.

A Amurka an kai irin wannan taƙaddama har Kotun Ƙoli. Brad Troxel ya mutu a 1993 a jihar Washintan, ya bar 'ya'ya mata biyu. Iyayensa suka nemi yaran su riƙa kwana a gidansu ƙarshen mako biyu a wata, uwar, Tommie Granville, ta ce wuni ɗaya ya isa. Ana cikin shari'ar ta yi aure, mijin ya karɓi yaran. A watan Yunin 2000 alƙalai shida daga cikin tara suka ba uwar gaskiya: muddin ba ta gaza a renon 'ya'yanta ba, dole kotu ta ba ra'ayinta nauyi na musamman.

Ban ga laifin kare uwa ba. Mu ma a nan mun sha ganin dangin miji sun ƙwace marayu tun kafin a share makoki, sun hana uwarsu da danginta ko leƙo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne share asali. A fiƙihun Malikiyya idan uwa ta auri bare, reno yakan koma hannun mahaifiyarta, kakar wajen uba kuma tana cikin jerin masu haƙƙi a bayanta. Riƙo a wurinmu ba ya sauya sunan uba, ba ya taɓa gado. Yaro yakan tashi a gidan kawu ko gwaggo, amma ya san ɗakin da zai shiga ya tsokani tsohuwa ta kira shi maigida.

Abin da na faɗa wa dattijuwar shi ne ƙofa ba ta gama rufewa ba. Dokar ta 2002 ɗin ta wajabta wa alƙali, kafin ya yanke hukunci, ya duba ko ya kamata a tsara yadda wani zai ci gaba da ganawa da yaron. Saboda haka ta nemi lauya a can yanzu, kafin a sa hannu, ta tattara hotuna da shaidar kiran waya da ziyara. Na kuma roƙe ta ta kira surukarta da taushin murya, ta fara da tambayar lafiyar yaran. Ta ce rabonsu da magana tun ranar sadakar arba'in.