Daga Rumfar Kasuwa: Sauya Tayar Mota Idan Kuɗi Sun Yi Kaɗan

 

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani matashi ɗan wajenmu, Mayo-Ulo. Bara ya sayi tsohuwar Hilux, yana kwaso gyaɗa da masara daga ƙauyukan kan dutse zuwa Gidar, wani lokaci har Garwa. Ga abin da ya rubuto: "Baba, tayoyina na baya sun suɗe har waya ta fara leƙowa, na gaba kuma da ɗan sauran zane. Damina ta ƙarato. Kuɗin hannuna sabbin taya biyu kacal za su saya. Amma a Garwa an nuna mini rim huɗu na alminiyam masu walƙiya, da tayoyin gwanjo masu faɗi a jikinsu, duk a kan wannan kuɗin. Wanne zan ɗauka?"

Ɗana, sayi sabbin nan guda biyu, daidai girman da motar ta zo da shi, a ɗora maka su a kan rim ɗinka na ƙarfe, a sa su a baya. Na gaba ka lallaɓa su zuwa kaka. Amsar ke nan a taƙaice. Sai dai na san da yawa cikin masu karatu suna da irin wannan matsala, don haka bari mu warware ta dalla-dalla.

Mu fara da hanyar. Wanda ya san ƙasar Mayo-Luti ya san taya ɗaya aiki uku take yi a nan. Daga ƙauye zuwa Mayo-Ulo duwatsu ne masu kaifi da ke yankar gefen taya. Da damina rafuka su kawo ruwa, ga yashi ga taɓo a kowace mashiga. In kuma ka miƙi kwalta daga Gidar zuwa Garwa, kusan kilomita 100 ne cikin zafin da yakan haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu, ga buhuna a baya, ga mutane zaune a kan buhunan. Tayar da ta fashe a kan dutse kana tafiya a hankali, kwana a daji za ta jawo maka. Wadda ta fashe a kan kwalta kana gudu, ita ce ke kifar da mota. Shi ya sa nake ce wa yarana, kuɗin taya kuɗin rai ne.

To, me ya sa na ce ka bar rim ɗin alminiyam? Dalili na farko, rim ɗin ƙarfe in ya daki dutse lanƙwashewa yake yi, kowane mai faci da guduma zai miƙar maka da shi ka ƙarasa gari. Na alminiyam tsagewa yake yi, iska ta zurare, kuma waldar da ake masa a bakin hanya ba abin dogaro ba ce ƙarƙashin lodi. Na biyu, ba kowane rim mai rami shida ne ke zama a kan Hilux ba. Ramukan Hilux shida ne a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7, ramin tsakiya kuma milimita 106. Pajero ma rami shida ne a kan wannan da'irar, amma a wasu ƙirarta ramin tsakiyar ƙarami ne, ba zai shiga ba. Navara ƙirar D40 rami shida ne a kan 114.3. Land Cruiser ta daji ƙirar 79 kuwa rami biyar gare ta. In ka ji mai sayarwa ya ce "za a ɗan buɗa ramin", ka yi masa sallama. Na uku, notin rim ɗin alminiyam na Toyota daban yake da na ƙarfe, mai wasa ne a gindinsa. In aka ɗaure da notin da bai dace ba, a hankali yake kwancewa a hanyar burji, ba ka sani ba sai ka ga ƙafar motarka ta wuce ka.

Faɗin taya ma ba alheri ba ne ga mai ɗaukar kaya. Taya mai faɗi da tsayi fiye da ta asali tana ƙara shan mai, tana rage wa mota ƙarfin hawan dutse, tana gugar bodi idan sifirin ya kwanta da lodi, ga kuma tsada duk ranar da za a sake ta. A taɓo mai ƙasa mai tauri a ƙarƙashi, siririyar taya ta fi yanka ta kama. Ku duba Land Cruiser ɗin da ke aikin daji tun muna samari, da siraran tayoyi 7.50 R16 suke shiga inda babu hanya. Girman da ya dace da motarka yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne jikin ƙofar direba, tare da yawan iskar da za a ba ta. Abin da ke nan shi za ka nema.

Yanzu mu zo kan gwanjo, don na san ba kowa ne zai iya sabuwa ba, ko da guda biyun. Mu yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. A ce zurfin zanen sabuwar taya milimita 8 ne. A Turai doka ta hana hawa taya idan zanen ya gaza milimita 1.6. Ke nan abin da za ka ci a jikin sabuwa milimita 6.4 ne. Gwanjon da ta iso da milimita 4, a ido rabi ce, amma abin da ya rage maka 2.4 ne, wato kashi ɗaya cikin uku da ɗan ɗoriya. In ka biya rabin kuɗin sabuwa a kanta, ka sayi mudu a farashin tiya. Araha ba ta ado, in ji mutanen da.

Duk da haka akwai gwanjo mai kyau, kuma taya ba ta ɓoye shekarunta ga wanda ya iya karanta gefenta. Abu huɗu za ka duba.

Na ɗaya, ranar haihuwarta. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Idan lambobi uku ka gani, tun kafin shekarar 2000 aka yi ta, ta girmi wasu direbobin. Kamfanin Michelin da kansa yana ba da shawarar a riƙa duba taya duk shekara idan ta yi shekara 5 tana aiki, a kuma ajiye ta idan ta kai 10 ko da zanenta da kyau. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta fi haka tsanani, shekara 4 take faɗa wa direbobi. Masu tsallakawa Mubi su riƙe wannan. Su kuma sani cewa tayoyin gwanjo suna cikin kayan da kwastan na Najeriya ya hana shigowa da su, kada wani ya ɗauko su a matsayin haja ya yi asarar jari a kan iyaka. In an kankare lambar ko an shafe ta da fenti, an ba ka amsa ke nan.

Na biyu, nauyin da za ta iya ɗauka. Bayan lambar girma akwai wata lamba da harafi, misali 110 ko 112. Lamba 100 tana nufin kilo 800 a kan taya guda, 104 kilo 900, 110 kilo 1,060, 112 kuma kilo 1,120. Ka lissafa nauyin motar da buhunanka, ka tuna yawancin lodin a kan tayoyin baya biyu yake sauka. Tayar ɗaukar kaya za ka ga harafin C ko LT a jikinta, ko an rubuta 8PR. Yawancin tayoyi masu faɗi da ke zuwa a kan rim mai walƙiya na motocin yawo ne na birni, gefensu laushi ne, dutsen Mayo-Ulo yanka su yake yi kamar kabewa.

Na uku, ƙasar da aka yi ta dominta. Cikin gwanjon da ke saukowa daga Turai da Japan akwai tayoyin lokacin ƙanƙara. Za ka gane su da ƙananan tsage-tsage birjik a kan zanen, da rubutu irin su Winter ko Studless. Zanensu kan zo da zurfi har ya ruɗi mai saye, amma robar mai laushi ce, don sanyi aka haɗa ta. A kwaltar Garwa da rana tsaka cinyewa take yi kamar sabulu a ruwa.

Na huɗu, jikinta. Kada ka sayi gwanjo tana kan rim. Sa a cire ta, ka zura hannu ka shafa cikinta gaba ɗaya. Faci a tsakiyar zane, in ramin ƙarami ne, babu laifi. Faci a gefe, ko kumburi kamar ƙurji, ko tsattsagewa irin ta faso, wannan ta gama aiki, domin zaren da ke riƙe da ita ya tsinke. Sai kuma a kula da tayar da aka sassaƙa. Akwai masu ɗaukar suɗaɗɗiyar taya su sake yanka mata zane da wuƙa mai zafi, su shafa mata baƙi. A cikin kwarin zanen kowace taya ta gaskiya akwai 'yan ƙananan tudu da kamfani ya sa don nuna iyakar cinyewa. In ka bi kwarin ba ka gan su ba, kuma gefen zanen ba santsi, an sassaƙa ta, saura ƙiris a taɓa waya.

Wani zai ce, me ya sa sabbin za su koma baya alhali gaba ne sitiyari? Idan gaba ta zame, direba yana ji a hannunsa, ya sassauta. Idan baya ta zame ko ta fashe, motar juyawa take yi, kuma lodi mai tsayi shi ke ƙarasa kayar da ita. Masu ƙera taya ma shawararsu ke nan. Sharaɗi guda: duk tayoyin huɗu su zama girma ɗaya, biyun da ke kan ƙafa ɗaya kuma su zama iri ɗaya. Motar da ke jan ƙafa huɗu, idan wata taya ta fi wata tsayi, giyar tsakiya ce ke shan wahala, gyaranta kuma ya fi kuɗin taya huɗu. Mai Hilux ya bar ta a H2 a kan kwalta, sai ya shiga taɓo ko yashi ya sa H4. Masu Prado da manyan Land Cruiser da ke jan huɗu kullum, su kam gara su yi haƙuri su tara kuɗin huɗun.

Wajen zane, ka nemi mai alamar A/T, wadda ke cin kwalta da burji duka. Mai manyan haƙora, M/T, sarauniya ce a taɓo, amma tana da ƙara, tana shan mai, kuma kwalta na cinye ta da wuri. Damina wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara fa?

In an ɗaura, saura riƙo. A sa sabon bawul, kuɗinsa bai kai na shayi da burodi na kwana biyu ba. A ɗaure noti a gicciye, da hannu, a sake bin su bayan kamar kilomita 50. Ka sayi gejin iska naka, ka riƙa aunawa da safe kafin taya ta yi zafi. Dukan taya da sifana ba awo ba ne. Ƙarancin iska ƙarƙashin lodi shi ne babban mai kashe taya, domin gefenta yana ta lanƙwasa har ya yi zafi ya rabu. In ka rage iska don haye yashin rafi, ka mayar kafin ka hau kwalta. In ka ga taya tana cinyewa ta gefe ɗaya, kai ta a daidaita ƙafar, in ba haka ba sabuwar ma haka za ta bi. Masu tsohon rim mai zobe kuma, don Allah kada ku bar yaron mota ya sunkuya a kansa ana ba shi iska. Zoben in ya ɓalle, kisa yake yi. Safaya ita ma taya ce, a duba shekarunta da iskarta.

Daga ƙarshe, maganar kuɗin. Taya ba ta mutuwar fuju'a, tana ba da sanarwa wata da watanni. Mai mota ya ware wani abu daga kowace tafiya, ya sa masa suna kuɗin taya, kamar yadda yake ware na mai. Iyayen gida, a nan ne aikinku yake. Uwargida ta karɓi wannan kason ta riƙe, ko ta zuba a adashi a tsara ɗauka ta faɗo bayan an sayar da gyaɗa ko an biya kuɗin auduga, lokacin da kuɗi ke hannu kuma babu gaggawa. Wanda ya je sayen taya motarsa na kan jak a daji, farashin da aka faɗa masa shi zai biya. Tsofaffin kuma kada a yar, masu yin takalmi da masu yanka igiyar roba suna saye, ko kuɗin bawul da ɗauri sa fito. Yaran da ke makaranta a tura su su karanto wa babansu lambobi huɗun nan na bayan DOT a kan kowace taya, har da safaya, a rubuta a littafin ciniki.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu taɓa batun ajiyar gyaɗa da yadda ake kare ta daga danshi. Mai tambaya ya aiko. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.